Ranar Yaye a Ɗakin Ɓerayen Gwaji

A cibiyoyin bincike da ake kiwon ƙananan ɓeraye (waɗanda ake kira mice da Turanci) domin gwajin magunguna da nazarin cututtuka, maganar cunkoso takan fara ne da faɗin keji. Littafin jagora na kula da dabbobin gwaji da ake bi a Amurka, a bugunsa na takwas na shekarar 2011, ya ware wa kowane ɓeran da nauyinsa ya haura giram 25 fili na murabba'in santimita 97 ko fiye, uwa da 'ya'yanta kuwa murabba'in santimita 330. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ita ma ta ce kada keji ya gaza murabba'in santimita 330, tsayinsa kuma santimita 12. Da irin wannan lissafi ne wurare da yawa suka tsayar da balagaggun ɓeraye biyar a kejin da aka saba amfani da shi. Waɗannan alƙaluma suna da amfani, amma ni a wurina ranar yaye ce ta fi cancantar a sa mata ido, domin daga nan ne cunkoso mafi muni yake tasowa.

Dalilin yana cikin halittar dabbar kanta. Cikin ɓera yakan ɗauki kwana 19 zuwa 21, kuma macen tana iya sake ɗaukar ciki cikin kwana ɗaya bayan haihuwa matuƙar namijin yana tare da ita. Su kuma 'ya'yan ana yaye su ne a wajen kwana 21. Ke nan idan ta yi kwanika, sabuwar haihuwa za ta iya zuwa daidai lokacin da ya kamata a kwashe na farko, kuma jinkirin kwana biyu kacal ya isa a tarar da zubi biyu a sheƙa ɗaya. Sababbin jariran ana haifarsu ba gashi, idanu a rufe, nauyin kowanne bai wuce giram ɗaya da ɗan wani abu ba, fatarsu kuwa da tsananin rashin kauri har ana hango farin tabon nono a cikinsu idan sun sha. Yayyensu da suka kai mako uku sun riga sun buɗe ido, suna tsalle ko'ina, suna tattake ƙananan, suna kuma ture su daga nono. Mai kula da ɗakin da ya duba da safe bai ga wannan farin tabo ba, ya san cewa jariran ba su samu sun sha ba.

Lamarin yakan ƙara rikicewa inda ake haɗa namiji ɗaya da mata biyu don a samu 'ya'ya da yawa a keji kaɗan. Matan suna haɗa sheƙa, suna shayar da 'ya'yan juna, wanda abu ne mai kyau idan haihuwarsu ta zo kusa da kusa, amma idan tazarar ta yi yawa sai a koma kan waccan matsala. Nau'in ɓeran ma yana da tasiri: wanda ake kira C57BL/6 ba ya haihuwa da yawa, yayin da irin su CD-1 sukan haifi goma ko fiye a zubi ɗaya.

Ba kuma kowane ɗa ne yake isa yaye a kwana 21 ba. Wasu nau'o'in da aka sauya wa ƙwayoyin halitta sukan taso da rauni, har sai an bar su zuwa kwana 28. Wanda ya san haka dole ne ya cire namijin tun kafin a haihu, don kada uwar ta sake ɗaukar ciki tana shayarwa. Shi ya sa nake ganin katin da ake liƙawa a gaban keji, wanda ake rubuta ranar haɗi da ranar haihuwa da yawan 'ya'ya, ya fi kowane ma'auni daraja a ɗakin.

A ranar yayen ana raba maza da mata, tunda sukan balaga a mako shida zuwa takwas, wasu matan ma kafin haka. Ana ajiye musu jiƙaƙƙen abinci a ƙasan keji, a tabbatar suna kai wa ga ruwa, a kuma ba su abin yin sheƙa, domin ɗakunan ana riƙe su ne tsakanin digiri 20 da 26, alhali jikin ɓera ya fi sakewa a wajen digiri 30. Mazan da aka yaye tare sukan zauna lafiya, amma haɗa baƙin maza bayan sun balaga yakan kai ga cizo a wutsiya da gadon baya, wani lokaci har mutuwa.

Cunkoso yana jiƙa shimfiɗar keji da fitsari, warin amoniya ya taru ya cutar da hanyar numfashin dabbobin, girmansu ya bambanta, halayensu su sauya. Mai binciken da ya ɗauki irin waɗannan ɓeraye ya gwada magani a kansu zai ga sakamakonsa ya warwatse, ya rasa gane ko maganin ne ya yi aiki ko wahalar da suka sha tun suna sheƙa, daga nan kuma sai ya buƙaci ƙarin ɓeraye domin ya maimaita gwajin.