Godiya bayan an sallamo Baba daga asibiti

Alhamdulillah. Jiya aka sallamo mahaifinmu bayan kwana 12 a sashen kulawa ta musamman, 8 daga ciki yana kan na'urar numfashi. Duk wanda ya kira, ya zo dubiya, ya ba da jini ko ya saka mu a addu'a, Allah ya saka masa da mafificin alheri.

Amma akwai wata nas mai aikin dare da nake so in ware. Kwanakin da bututun na'urar numfashi ke maƙogwaronsa Baba ba ya iya magana, sai ya riƙa ɗaga hannu yana nuna bakinsa. Mu 'ya'yansa duk mun ɗauka zafi yake ji, har muna roƙo a ƙara masa maganin ciwo. Ita ce ta sunkuya ta ce, "Baba, ƙishirwa ce? In ita ce, matse hannuna." Ya matse. Ta jiƙa auduga da ruwa mai sanyi ta shafa masa a leɓe da harshe, na ga hawaye na gangarowa ta gefen idonsa.

Wallahi ban taɓa kawowa mai ƙarin ruwa a hannu zai ji ƙishi ba. Ta yi mana bayani cewa bututun yana hana baki rufuwa, bakin ya bushe, ga wasu magungunan ma suna busar da shi, kuma ba a ba shi ruwa ya haɗiya don kada ya bi ta huhu.

Da aka cire bututun ya samu bakin magana, ciwon da muke ta tsoro bai ma fara da shi ba. Ƙarar na'urori ya ambata, da fitilar da ba ta mutuwa, da tsotse masa majina, da yadda dare da rana suka cakuɗe masa har yana ganin mutanen da ba sa wurin. Ya ce abin da ya riƙe shi shi ne yadda nas ɗin nan take gaya masa ranar da ake ciki da ƙarfe nawa, kuma ba ta taɓa juya shi ba sai ta sanar da shi.

'Yar'uwa, da ke da likitoci da sauran abokan aikinki, Allah ya jiƙan magabatanku, ya raya muku zuri'a. Baba har yanzu muryarsa a dushe take, muna barar addu'arku.