Jadawalin da ya yaudare ni

Aikin farko da aka damƙa mini jagorancinsa shi ne kwashe bayanan ofishinmu daga takardu zuwa kwamfuta. Aka ba ni wata uku da mutum biyar. Dare ɗaya na zauna na zana jadawali, irin mai sandunan nan da ake jingina wa wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, kowane aiki da ranar farawa da ranar gamawa, har da launuka. Shugabana ya duba ya ce madalla. Ni kuwa a raina tsari ya kammala.

Ashe ranaku kawai na jera. Ban taɓa tambayar kaina wane aiki ne ke jiran wani ba. Masu shigar da bayanai suka zo ranar da na sa musu, suka tarar manhaja ba ta haɗu ba. Mai haɗa ta yana jiran a faɗa masa irin bayanan da za a adana, waɗanda ke da amsar kuma ko zama da su ban yi ba. Kusan mako uku mutanena suna zaune suna kallon juna. Da kunya ta ishe ni sai na matsa wa mai manhajar lamba, ya miƙo abin da ya samu. Muka shigar da kusan rabin bayanan kafin mu gano babu gurbin wasu muhimman abubuwa. Muka koma farko. Aikin wata uku ya ci shida.

Daga baya na san cewa abin da ya kayar da ni an daɗe da gano maganinsa. A wajajen 1957 kamfanonin DuPont da Remington Rand na Amurka suka fito da wata dabara: ka nemo ayyukan da kowanne sai na gabansa ya ƙare zai fara, ka ga wace sarƙa ce ta fi tsawo. Ita ke yanke ranar gamawa. Jinkirin kwana ɗaya a cikinta jinkiri ne ga aikin baki ɗaya, sauran ayyuka kuwa suna da ɗan sarari. Ni na ɓata lokacina ina bibiyar masu sararin, don su ne ake gani suna motsi.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne manya ma sun faɗa wannan rami. An fara gina gidan wasan opera na Sidni, a Ostireliya, a 1959, alhali zanensa bai kammala ba, saboda gwamnati na gaggawa. An yi hasashen gamawa a 1963 kan dalar Ostireliya miliyan 7. Sai a 1973 aka buɗe shi, bayan ya lashe miliyan 102. Gini ne da duniya ke sha'awa, ban musa ba, amma ba na fatan zama wanda ke bayanin kuɗinsa a lokacin.

Akwai kuma ciwon da har yau bai sake ni ba. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana a 1979 cewa ɗan Adam kan rage lokacin da aiki zai ɗauke shi, ko da irinsa ya sha ba shi wahala a baya. Shi ya sa na daina tambayar zuciyata. Nakan buɗe tsofaffin rahotanni in ga nawa irin aikin ya ci a zahiri, in rubuta wannan adadin ko da bai yi mini daɗi ba.

Yanzu kafin in ja layi ɗaya a jadawali, sai na bi kowa da tambaya: "Me kake jira kafin ka fara, kuma a hannun wa yake?" A aikinmu na baya-bayan nan, wata abokiyar aiki ta amsa da cewa sa hannun wani jami'i take jira, shi kuwa zai tafi hutun wata guda. Ranar muka kai masa takardar.