Hotunan bangon jardan: na yara ne ko na baƙi?

Duk shekara in Oktoba ta kama anka koma lakwal, aikin farko da mu madam-madam na jardan, wato lakwal ɗin ƙananan yara kafin firamare, ke yi shi ne gyaran bango. Kowace ta kwaso manyan takardun nan masu sheƙi, na a b c, na lambobi, na kaloli, na dabbobi, a hau teburi a manna su can sama kusa da kwano inda hannun yaro bai kaiwa, wai don kar a yaga. Iyaye su leƙo ranar rubuta suna su ce kai, lakwal ɗin ga ta haɗu. Ni dai ra'ayina, kuma na jima ina aikin ga nan Tawa, hoton da yaro bai iya kai hannu gare shi ba don yaro anka manna shi ba, don baƙi ne da anspekta.

Ɗan shekara huɗu tsawonshi duka-duka wajen metir guda ne, kuma rabin lokaci zaune yake bisa tabarma. In kana son ka gane me yake gani, ka tsuguna ka dubi bangon, za ka ga abin da ke sama hasken taga kawai yake ɗauka. Nawa yanzu iyakarshi ƙuguna. Ba kuma sabuwar dabara ba ce, Mariya Montesori da ta buɗe gidan yara a Roma tun 1907 haka ta yi, komai daidai tsawon yaro, har baƙaƙe ta yanka da takarda mai kaushi don yatsa ya bi su. To mu da rairayi ke shigo muna har cikin kwanon tuwo ai ba mu da uzuri. Ƙaro nike jiƙawa cikin ruwa ya kwana, in zana baƙi da shi bisa katon, in barbaɗa rairayi, in ya bushe yaro na iya rufe ido ya bi shi da yatsa ya ce madam wanga mai ciki ne, b kenan.

Sai abin da ke cikin hotunan na kanti, nan ne nike da magana da yawa. Amfanin hoto kusa da baƙi guda ne: yaro ya san abin, ya faɗi sunanshi, kunnenshi ya kama sautin farko, sannan ido ya ɗaure sautin da zanen. To a takardar kanti a tana tare da jirgin sama saboda sunanshi da Faransanci, yaro ya duba ya ce jirgi, kuma gaskiyarshi, amma a fa ta ɓace. Wajen i kuwa wani ɗakin ƙanƙara ne na mutanen can ƙarshen duniya, ka tsaya cikin zafin Afrilu na Tawa kana ma ɗan shekara huɗu bayanin ɗakin ƙanƙara, wallahi sai dai ya dube ka kawai. Ya zama aiki biyu lokaci guda, ya koyi abin da bai taɓa gani ba da sunan da bai taɓa ji ba, kafin ma a kai ga baƙin.

Namu na hannu a albasa ce, irin ta Galmi mai ja-ja, b buta, d doki, g goro, k kaza, r raƙumi, t tukunya, z zabo. Masu ƙugiya ma suna nan, ɓ ɓera, ɗ ɗaki, ƙ ƙosai, kuma ƙ ɗin nan ba a taɓa mantawa da ita. Zanen nawa ba wani kyau gare shi ba, dokin ma akwai wanda ya rantse jaki ne, amma dai mun daidaita. Wasu iyaye na tsoron wai hakan zai hana yaro Faransanci in ya shiga CI, aji na farko na firamare, alhali b, d, k, m, t duk sautinsu guda ne nan da can, wanda ya riƙe su da buta da doki ya tahi da su kenan. Kuma karatu da harshen gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar ga ta Nijar, tun 1973 anka buɗe lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram, ga shi kuma kundin tafiyar da ƙasa da anka sa ma hannu a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Ina da ɗiyan Abzinawa da na Hillani da na ma'aikata Zabarmawa cikin kilas, in mun zo kan raƙumi sai in ce kowa ya faɗi yadda ake kiranshi gidansu, lokacin ne za ka ji muryar waɗanda ba su magana.

Amma wanda ya fi komai aiki a bangona ba na baƙaƙe ba ne, wani ƙyalle ne mai aljihu-aljihu da tela ya ɗinka mini da guntayen atamfa, an rataya shi da igiya. Kowane yaro na da katin sunanshi, katon ɗin sabulu ne da na roƙa wajen mai shago na yanka. Da safe katunan na zube bisa tabarma bakin ƙofa, ka shigo, ka cire takalmi, ka nemo naka ka sa aljihu. Farkon shekara kowa da alamarshi kusa da suna, wanga kifi, wagga tauraro, saboda ba su san komai ba tukuna. Wajen Janairu sai in riƙa rufe alamun ɗaya-ɗaya, kuma abin daɗi yawancinsu ba su ma lura, sunan kawai suke ɗauka. Rigima tana tashi ne tsakanin masu A, su Abdu da Amina da Ali, kowa ya ce nawa ne, dole su duba gaba da baƙin farko, to karatu ya fara kenan ba tare da na ce kowa ya yi shiru ba. Katunan da sunka rage bisa tabarma su ne waɗanda ba su zo ba, mu ƙirga su tare, yau uku, wa da wa, wata ta ce masassara ce ke gare shi madam maƙwabcinmu ne. Ƙirga ta samu, gaisuwar marar lahiya ta samu.

Wani abu da ya ɗan ba ni ciwon kai nan shi ne rubutun sunayen. Takardar haihuwa rubutun Faransa gare ta, Usman ya koma Ousmane, Sha'aibu ya koma Chaibou, ka ce u yaro ya ga O. Na bi takarda, tunda shi ne sunan da zai bi shi har jarabawa, sai dai in gaya mishi naka sunan baƙi biyu ne sunka haɗu suna faɗin u, su ko har alfahari suke da hakan.

Yanzu tarkon. Yaran nan akwai kan hadda, ka ba su sati biyu za su rera maka a har z da un deux trois har ashirin da murya mai daɗi, uwa ta ji ta ce ma sha Allah ɗana ya iya. Ka ɗora sanda bisa 7 kai tsaye ka ce wanga fa, sai shiru, ko ka ga leɓenshi na motsi shina farowa daga ɗaya har ya iso. Waƙa ya iya, kamar aku. Takarda da anka buga komai jere ba ta motsi ita ke kawo haka, shi ya sa nike son kati da ake cirewa. In jirkita su, in ɓoye ɗaya in ce wa ya ɓace, in miƙa ma yarinya 4 in ce je ki zuba ma aljihunta abinta, ta ɗebo ƙwallon dabino daga gwangwani tana sawa ɗaya-ɗaya tana faɗi. Nan za ka ga wadda bakinta ya riga hannunta, ta ce biyar alhali uku ta sa. Sai in kama yatsan in ce ƴata sannu-sannu, kowane ƙwallo da kiranshi. Ƴan peti seksiyo, ajin mafi ƙanana, ba ni wuce uku da su, in an matsa biyar, ba gudu ake ba.

Akwai kuma maganar hannun da ake farawa. Kusan dukansu da marece suna makarantar allo suna babbaƙu, kuma can daga dama ake farowa. Sai ka ga yaro ya tsaya gaban bango ya ɗora yatsa a ƙarshen layi ya taho baya, ko ya rubuta sunanshi bisa ardwaz, ɗan allonshi na alli, daga dama, kowane baƙi a juye. Ba dakikanci ba ne kuma ba abin duka ba ne, ilimi biyu ne ke neman wurin zama cikin ƙaramin kai. Na sa ɗigo tsanwa babba a hagun kowane layi, na ce nan motar lakwal ke tashi, ta malam kuma tasharta can ɗaya gefen.

Na ranaku da yanayi ba ni tsawaitawa, Litinin zuwa Juma'a ne da ɗan abin maƙale kayan shanya da ake matsarwa, sai kati na rana, na iska, na ƙura, na sanyi. Wanda ke kanti yanayi huɗu na Turai ne da dusar ƙanƙara da ganye ja, mu kuwa kaka, ɗari, rani, damina. Katin ruwa ma tausayi yake ba ni, lakwal na tashi ne daidai lokacin da damina ke kamawa, sai ƙarshen shekara cikin Yuni ake samun ranar da za a ciro shi, ranar kuwa har faɗa ake kan wa zai sa. Kaloli da tuta muke farawa, ruwan goro, fari, tsanwa, kowa ya san ta. A nan ne kuma ake gano wanda ido ke damu, mai matse ido sai ya zo dab da bango, ko wanda kullum ja da tsanwa ke rikice mishi, abin da ya fi samun maza. Ba ni yanke hukunci, in dai na ga ya daɗe sai in ja uwar gefe in ce Hajiya a kai shi a duba.

Kada kuma a cika bango. Wani bincike da anka yi a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2014 ya nuna ƙananan yara sun fi shagala a ɗakin da anka cika da ado, kuma sun fi riƙe darasi a wanda ba komai bisa bango. Ni baƙi biyu ko uku nike fitarwa, sauran na cikin akwati sai lokacinsu ya zo.

Wahalar kula da su kam sai wanda ya yi. Skoc bai jure zafi, wajen Maris za ka tarar da komai ƙasa da safe, hunturu ya bi ya shafe su da ƙura, gara kuma in ta samu bayan takarda a bangon laka kwana kaɗan ta gama da ita. Igiya daga kusa zuwa kusa ta fi, a rataya, ranar Juma'a a kwance a kaɗe, lokacin hutu a sa cikin akwatin ƙarfe. Masu kilas na zana ba su da bangon ma sam, kuma bayan gobarar Yamai ta Afrilu 2021 da ta Maraɗi ta Nuwamba 2021, wadda ta sa gwamnati ta hana ajiye ƴan jardan cikin irin ɗakunan, ba mai son ya ƙara takarda jikin zana. Wata abokiyar aikina da ke ƙauye wajen Keita buhun shinkafa ta wanke ta ɗinka ma aljihu, da safe ta rataya ga icce, da rana ta naɗe ta tahi da shi gida.

Abin da ban gama warwarewa ba shi ne yawa. In yara sun yi yawa cikin kilas, kafin kowa ya taɓa kati rabi sun fara kokowa a baya, dole in raba su, wasu bango wasu ardwaz wasu rairayi a tire, kuma ni kaɗai ce. Direktiris ta ce za a ƙaro mini mataimakiya bayan hutun Disamba, muna dai jira.