Abin da zane da tocila a cikin duhu ya koya min

Wanda ya fara aikin hoto a gidajen biki ya saba da gaggawa: amarya ta ɗaga kai, ka danna, an wuce wurin. Barin idon kyamara a buɗe na dogon lokaci wani aiki ne daban. A nan sai ka jira daƙiƙa 20 ko 30, wani lokaci mintuna, kuma duk hasken da ya gifta a tsakani sai ya bar sawunsa a hoton.

Abin da na fara ganewa shi ne, hannun mai hoto ne ke ɓata masa aiki. Ko kyamara tana kan ƙafa uku, taɓa maɓalli da yatsa kaɗai ya isa ya girgiza ta, layin haske ya fito a karkace. Shi ya sa rimot ya zama dole. Yawancin kyamarori suna tsayawa a daƙiƙa 30. In kana son fiye da haka sai ka koma kan B, inda ido ke zama a buɗe muddin maɓalli na danne, kuma rimot mai makulli ne ke riƙe maka shi. Ni dai na fi son marar waya, domin da shi nake shiga gaban kyamara da kaina, ba sai na roƙi yaro ya danna min ba.

Sauran saiti ba shi da wahala: ISO, wato ƙarfin yadda kyamara ke jin haske, ka sa shi a 100; faɗin ramin da haske ke shiga kuwa, f/8 ko f/11. Ka haska abin da za ka ɗauka da tocila, ka daidaita fokas har ya fito sarai, sannan ka mayar da shi na hannu, don kyamara ba ta iya lalubo shi a duhu.

Daɗin yana wajen zanen. Ka sa baƙaƙen kaya, kada ka tsaya wuri ɗaya, ba za ka fito ba sam. Ka juya tocila ga kyamara, ta ja layi a iska; ka juya ta ga bango ko bishiya, ka riƙa shafawa a hankali kamar mai yaɓe, abin ya fito da laushi. In suna za ka rubuta, ka tuna zai fito a juye. Dabarar tsohuwa ce: a 1949 mai ɗaukar hoto Gjon Mili ya ɗauki shahararren mai zane Picasso a garin Vallauris na Faransa yana zane da ƙaramar fitila, don mujallar Life, ya haɗa da filashi domin shi ma mai zanen ya bayyana.

Duhun kansa ne ke wuyar samu. Ranar da aka ɗauke wuta unguwa na tsaki, ni kuwa ina haɗa kaya, amma farin wata ko fitilar ɗan acaɓa guda kan wanke hoton tas. Masu cinna wa soson ƙarfe wuta suna juya shi don tartsatsi kuwa, hoton na burgewa, sai dai da hunturu, ciyawa a bushe, ba na yi kuma ba na ba kowa shawara.