Wanda hanya ta mayar wa mota masauki

Duk wanda ya ratsa tashoshin mota na Zinder bayan isha'i, ko ya bi bakin kwalta wajen fita zuwa Tanut, zai ga mutanen da mota ce masaukinsu: direbobin manyan motoci da yaransu, fatake masu bin kasuwannin mako, da masu jiran lodin mai a matatar SORAZ da ta fara aiki a 2011. Nisan hanya ne ya ɗora musu wannan zama, domin daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, zuwa Agadas kuma kimanin 450. Wani lokaci kuma hukuma ce ke tsayar da su, kamar yadda aka gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, inda direbobi suka yi makonni suna gadin kayan mutane.

Shawarwarin da ake karantawa daga Amurka da Turai a kan zama cikin mota yawancinsu na yaƙi da sanyi ne, wato yadda za a toshe kowace kafa a kwanta ciki. A ƙasar Damagaram lissafin ya sha bamban. A ganina, mota a nan rumbu ce da ake ajiye kaya a kulle, zama da girki da barci kuwa a gefenta ake yinsu, kuma kayan da mutum zai saya ya kamata su bi wannan lissafi.

A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa yana iya kaiwa 60, saboda gilashi yana barin hasken rana ya shiga amma yana tsare zafin. Shi ya sa tampol mai kauri da igiya da sanduna biyu suka fi katifa muhimmanci, domin da su ake kafa rumfa a jikin motar. Kwali ya isa a rufe gilashin gaba. Idan za a faka, a duba inda inuwa za ta koma da azahar, domin ta safe ba ta daɗewa. Gawo yana da kirki a wannan fanni, tunda da rani yake fitar da ganye ya zubar da damina, sai dai yana da ƙaya, don haka a share ƙasa kafin taya ko tabarma ta hau. Tukunyar gas, waya da magunguna ba a barinsu cikin motar da ke rana, balle yaro, ko da na minti biyar ne.

Ɗan Zinder ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar ruwa, shi da ya saba jiran famfo da sayen na ƴan garuwa. Jarka biyu masu lita 25 su ne mafi ƙaranci, ɗaya ta sha da girki, ɗaya ta alwala da wanki da lagireto, kuma a yi wa kowace alama. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko gas-oil ta bar aikin ruwan sha har abada, komai yawan wankin da aka yi mata. Dabarar ɗinke jarka da buhu a jiƙa shi a rataye inda iska ke kaɗawa tana sanyaya ruwa sosai da rani, domin busasshiyar iska tana tafiya da danshin tare da zafin, amma da damina amfaninta yana raguwa. Ruwan rijiya ko tabkin da ba a sani ba a tafasa shi, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs a jira rabin awa. Idan gudawa ta kama mutum nesa da likita, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri za su riƙe shi kafin ya isa asibiti.

Kayan kwanciya ba su da yawa: tabarma, siririyar katifa mai naɗewa, bargo, rawani, da gidan sauro, wanda ke zama wajibi daga Yuli zuwa Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawa. A ɗaura shi tsakanin mota da sanda, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, da safe kuma a kakkaɓe takalmi saboda kunama. Al'adar yaran mota ta kwanciya ƙarƙashin babbar mota ba ta kwanta mini ba, amma idan ya zama dole, a sa wa tayoyi waigi, kuma direba kada ya tayar da inji sai ya leƙa da idonsa. Da damina ba a faka mota cikin kwari ko busasshiyar ƙorama, domin ruwan da aka yi a wani gari yana iya isowa cikin dare alhali sama garau take a inda kake.

Hatsarin da ya fi ba ni tsoro na hunturu ne. A Disamba da Janairu sanyin asuba yana sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, iska na kaɗawa, sai mutum ya shige mota ya ɗaga gilasai, wani ma ya shigar da murhun gawayin da ya gama dafa shayi da shi, ko ya bar inji a kunne. Gawayin da ke ci a rufaffen wuri, da hayaƙin da ke tsiyaya daga fasasshiyar salansa, suna fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Alamarta ciwon kai ne da jiri da nauyin ido, abubuwan da gajiyayyen direba zai ɗauka barci ne ya zo, kuma mai barci ba ta tashinsa. Wuta ta mutu a waje kafin a kwanta, inji a kashe, gilasai biyu masu fuskantar juna a sauke su kamar faɗin yatsa biyu, sanyin kuma a bar wa bargo da safa.

Batirin mota mai bolt 12 an yi shi ne domin tayar da inji, kuma cajin waya da fanka da rediyo dare guda na iya kashe shi. Ƙaramin faifan sola da ma'ajiyar caji da tocila sun wadatar. Cikin akwatin gyara a samu safaya mai iska, jak, sifanoni, famfon taya, igiyar ja, wayoyin tayar da batir da fambel na ajiya, kuma a riƙa kakkaɓe matatar iska lokacin ƙura. Abinci kuwa a zaɓi wanda zafi ba ya ɓatawa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, kilishi, cuku, ganyen shayi da sukari.

Sauran al'amarin na mutane ne. Parmin tuƙi, kartigiris (takardar rajistar mota), takardar asurans da katin ɗan ƙasa su zauna cikin leda a wuri guda, domin jandarma ko ma'aikacin duwan da ya ƙwanƙwasa gilashi cikin dare ya fi natsuwa da wanda ya miƙa takardu ba tare da lalube ba. Wurin kwana mafi kyau shi ne inda ake ganinka: kusa da masallaci, cikin tasha, ko gidan mai mai gadi. A sauko a yi sallama, a ce, “Baba, baƙo ne ni daga Damagaram, ina neman izinin kwana a nan zuwa asuba,” a kuma sayi shayi wurin mai shayin unguwa. Daga nan ne ake samun makewayi da wurin wanka, kuma mai gadin da aka girmama shi ne zai sa ido a kan mota yayin da mai ita ya tafi salla.

Labarin hanya ma daga bakinsu ake jinsa, su da direbobin da suka fito daga inda za ka. Jihar Difa tana fama da matsalar tsaro tun 2015, hanyar arewa kuma tana da dogayen wurare marasa gari, saboda haka tafiyar dare da kwana a daji ba su dace ba. Kafin a bar Tanut a cika tanki da jarkoki, a caja waya, a kuma gaya wa iyali garin da ake sa ran kwana da lokacin da za a sake kira, domin tsakanin Tanut da Aderbisinat akwai wuraren da waya ba ta kamawa.