Sinima mai rufi

Asabar, da dare.

Yau dai na kai Baffa da Hajiya sinima. Auta ce ta ishe ni da a je a je, na ce to mu kwashi tsofaffin ma su sha iska. Hajiya sai da ta canza mayafi sau uku.

Muna shiga Baffa ya ɗaga kai sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To yanzu in hadari ya taso ta ina za a gani?" Muka kwashe da dariya. Ashe shi da gaske yake. Wai a zamaninsu Plaza ta Fagge da Orion ta Ƙofar Wambai fili ne da katanga, sama a buɗe, ba a saka fim sai duhu ya yi. In damina ce, ido ɗaya a kan allo, ɗaya a gabas. Nan kuwa ɗakuna a jere, kowanne da nasa fim, ƙarfe huɗu na yamma an kashe fitilu an yi maka daren ƙarya. Kuɗin gugguru sau biyu ya sa aka maimaita masa, ya ce a bar shi, akwai gyaɗa a aljihunsa.

Ana cikin kallo, mugun ya laɓaɓo ta bayan jarumin, sai Baffa ya ɗaga murya: "Kai, waiga! Ga shi nan bayanka!" Wani saurayi a layin gaba ya juyo ya yi tsaki. Ni kuma, maimakon in harari yaron, sai na dafa hannun Baffa na ce, "Baffa, a hankali, nan ba a magana."

Ya ce, "To."

Har aka tashi bai ƙara cewa uffan ba. Wannan "to" ɗin ce ta hana ni barci. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi min a gaban mutane ba.

A mota na yi ta jansa da hira don in wanke kaina. Da ƙyar ya saki jiki. Ya ce su da, in jarumin Indiya Dharmendra ya fito, gidan gaba ɗaya ke ɗaukar ihu, "Sarkin Ƙarfi!" Ba mai jin Indiyanci, amma na kusa da kai ya kalli fim ɗin sau biyar, shi zai yi ta fassara maka ko ba ka tambaya ba. In fim ya tsinke kuwa, mai injin ya shiga uku da fito da zagi.

Hajiya da ke baya ta ce, "Ku dai kuka sani. Mu wa ya bar mu?" Ta ce a lokacin macen da aka gani ko a ƙofar sinima ce, sunanta ya ɓaci har abada. Innarsu kuma kullum gobarar sinimar El-Duniya take kawo musu, ta 1951, wadda ta ci mutum sama da 300, tana cewa kun ga ƙarshen masu zuwa. Yau ne karon Hajiya na farko, da jikokinta da komai. Ta zauna, ba wanda ya kalle ta. Sanyin ne kawai, in za a koma da bargo za ta zo.

Baffa ya ce, "Hajiya, ai wancan shi ne sinima."

Ta ce, "Taku ba."

Na rasa bayan wa zan bi, don ni ma da a lokacin ne, ƙofar ba zan gani ba.

Tela bai gama ɗinkin ba, wai Talata. Wuta tun la'asar babu.

Da zan fito daga wajensu Baffa ya miƙo min ƙullin gyaɗar nan, ko kwancewa bai yi ba. Ga shi nan kan tebur.