Ba kowane ciwon baki ake cire wa haƙori ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da na buɗe ɗan asibitin haƙori a Kano. Kujera biyu gare mu, da nas ɗaya, sai yaron da ke haɗa haƙoran roba a ɗakin baya. Cirewa da ciko da wankin haƙora su ke biyan haya da albashi. Aikin da ya fi cin lokacina kuwa, kuma ya fi ƙarancin kawo kuɗi, shi ne na masu ciwon muƙamuƙi.

Ba sa zuwa sai sun gaji da zagaye. An ɗiga maganin kunne daga kemis, an sha na ciwon kai, wani har wanzami ya taɓa shi. Ban ga laifinsu ba, domin gaɓar muƙamuƙin tana gaban kunne ne daf. Ɗora yatsa a wurin ka buɗe baki, za ka ji tana motsi. Tsakanin ƙashin muƙamuƙi da na kai akwai ɗan faifan guringuntsi, in ya zame gaba shi ne ake jin ƙas idan ana tauna. Ƙarar kaɗai, in babu zafi, ba na ma taɓa ta.

Kayan aunawa na farko yatsun mai ciwon ne. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsu uku a tsaye, wajen milimita 40 zuwa 50. Daga nan sai in danna naman kumatu da na gefen goshi, in sa ya ciji wata siririyar takarda mai launi don in ga inda haƙoran sama da na ƙasa suke haɗuwa. Haƙoran da kansu suna tona asiri. Wanda ke gurza su cikin barci za ka tarar fiƙoƙinsa sun lafe kamar an goga da dutse, kuma rantsuwa zai yi ba ya yi. Matarsa ce ke ba da shaida.

Wata Hajiya ta taɓa zuwa mini, ta riga ta yanke hukunci tun daga gida.

"Likita, wannan na ƙuryan za ka cire mini in huta."

"Hajiya, haƙorin nan lafiyarsa lau."

"To ni ƙarya nake yi ke nan?"

Ba ƙarya take yi ba. An cire mata turame biyu a hagu shekarun baya, ba a cike giɓin ba, na sama ya zazzago, maƙwabtansu suka karkata, ita kuma ta koma tauna goro da dama kawai daga safe har dare. Da na cire mata na uku da na karɓi kuɗina cikin minti ashirin, ita kuma ta dawo da ciwonta. Sai na ce ta ajiye goro da kilishi da rake na mako uku, ta riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, na rubuta mata ibuprofen na 'yan kwanaki bayan na tabbatar ba ta da gyambon ciki. Ta fita tana ƙunƙuni wai ta biya kuɗin kati an ba ta surutu.

Ga masu gurzar haƙora muna yin robar dare. Mu ɗauki zanen bakin da wani ƙulli mai daskarewa, mu zuba filasta, yaron ya ƙera roba mai tauri daidai haƙoran mutum. Kayan duk daga waje suke, kuma tun da aka saki naira aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin yinta ya sa wasu sai su ce za su je su yi shawara. Abin da ba na yarda da shi shi ne a hau fafe lafiyayyun haƙora da sunan daidaita cizo. Wanda aka fafe ba ya tsirowa, kuma yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi ba tare da an kai nan ba.

Akwai wanda ya fi ƙarfin kujerata. Yaron da ya faɗi a kan haɓarsa yana ƙarami, gaɓar ta manne, baki ya ƙi buɗuwa, tiyata ce maganinsa, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano nake tura shi. Wanda ciwon noma, wato ciwon da ke cin naman baki da fuskar yara, ya ɗaure wa baki kuma akwai asibitinsu na musamman a Sakkwato. Wanda muƙamuƙinsa ya goce wajen hamma dai nawa ne: in naɗe manyan yatsuna da bandeji, in danna turamen ƙasa, in tura baya, sannan in janye hannu da sauri, don an taɓa cizona.

Hajiya ta dawo bayan wata guda, da ƙanwarta a bayanta. Ta bari na sa mata haƙoran roba a giɓin hagu. Goron ne ta ce sai dai mu yi ciniki: rabi bayan azahar, rabi bayan isha.